Kashe Mota a Gangara

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina tuƙa akori-kura tsakanin Karaye, Rogo da Kano. Gyaɗa nake ɗauka da masara da dawa, wani lokaci rake. Karatuna bai wuce firamare ba, amma a kan mota ban taɓa zaton akwai wanda zai ƙara mini wani abu ba. Wannan zaton ne ya fitar da ɗana na fari daga gidana. Zan faɗi yadda aka yi bi da bi, don ban iya ba da labari a hargitse ba.

Maigidan da ya koya mini tuƙi ya bar mini ƙa'ida uku. Ta farko, kafin ka tayar da inji da safe ka duba ruwa da baƙin mai. Ta biyu, kada ka yarda da allurar gejin mai, ka auna fetur ɗinka da galan, ka san inda zai kai ka. Ta uku, in ka zo gangara ka sa giya a firi, ka murɗa makulli ka kashe inji, mota ta tafi da nauyinta, in ta kusa ƙasa ka sa giya ka saki kuloci ta tashi. A kan waɗannan na rayu, kuma da man da na riƙa tsimi a gangara na ciyar da gida.

Shi ɗan nawa, da yake na fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba, uwarsa ma haka. Abin da muka tashi muka tarar ke nan. In ina son ya yi abu sai in ce, "A ɗauko buta," ina kallon wani wuri. A Rogo aka yaye shi, wurin dangin uwarsa, ya daɗe a can kafin ya dawo. Da ya girma ya tafi Kano koyon haɗa sola, ya yi shekara takwas. Saboda haka zaman da muka yi da shi a gida ɗaya kaɗan ne.

Bayan na ajiye tuƙi na koma gona, sai ya dawo da niyyar zama. Ya kama shago a unguwar Daura, nan cikin Karaye. Ya gina ɗaki biyu a gabashin gidana, ya fara neman wata yarinya a Gwangwan. Ban nuna masa komai ba, amma ranar da aka ɗora wa ɗakunan kwano sau uku na zagaya na duba. Abin da nake so ke nan a duniya, in tsufa ina jin motsinsa a tsakar gida.

Da mota ya dawo, ƙarama 'yar Kwatano, fara, mai datsattsen baya da ake ɗaga ƙofarsa sama. Injinta ɗan ƙarami ne, har na yi dariya da na buɗe bonet. Amma a gefensa akwai wani ƙarfe mai siffar dodon koɗi da suke kira turbo, hayaƙin inji ke juya shi, shi kuma ya hura wa injin iska. Da shi ƙaramar motar nan take cin tudu kamar ana tura ta. Kwana uku da zuwansa, na idar da sallar hantsi na tarar da makullinta a bakin buzuna. Na gane ya bar mini ita ke nan. Shi babur ya ishe shi cikin gari. Tun daga ranar ni nake kai ta gonata ta Fulatan da kasuwar Rogo, shi kuma sai ran Juma'a da yamma yake ɗauka.

Makon farko na auna ta. Galan ɗaya da rabi ya kai ni Rogo ya dawo da ni ƙofar gida, har da ɗan saura. Na ji daɗi ƙwarai. Na ci gaba da tuƙa ta yadda na saba, kowace gangara in kashe, in na iso kuma in zare makulli kafin taya ta gama tsayawa.

Shi kuwa son motar yake kamar mutum. Duk sanda aiki ya kai shi Kano sai ya dawo mata da wani abu. Da farko ya cire salansarta ya sa wata mai faɗin baki, mai gurnani. Bayan wata guda ya sa mata tayoyi masu faɗi da rim mai ƙyalli. Sai ya cire akwatin matatar iska ya sa wata ja mai kama da hula. Na ƙarshe, ya kai ta aka jona wa ƙwaƙwalwarta kwamfuta aka ƙara mata ƙarfi. A cikin watannin nan ne mai ya yi tsadar da kowa ya sani, a cikinsu ne kuma galan ɗaya da rabi ya daina isa. Ya koma biyu. Na duba na ga abu huɗu sun canja a jikin mota, kuma duka huɗun hannunsa ne. Ban lissafa kaina a ciki ba.

Akwai bakaniken da nake kai wa aiki tun zamanin akori-kura, Bazazzage ne, sa'ana, don haka ba ma haɗuwa ba tare da tsokana ba. Wata rana na kai ta canjin baƙin mai, ɗan nawa ya biyo ni da babur. Na shiga gareji na kashe nan take.

"Bakano ya iso," in ji bakanike daga ƙarƙashin wata mota. "Yau ma da iska ka zo ko ka daure ka sayi mai?"

"Fito ka gaida ubangidanka," na ce. "Motar nan shan mai take kamar Bazazzage ya samu kunun sadaka."

Ɗana ya durƙusa ya gaishe shi. Ya daɗe a durƙushe yana wasa da tsinke a ƙasa, sannan ya yi magana, fuskarsa na wajen bakanike.

"Oga, na ji masu irin wannan a Kano suna cewa ba a kashe ta tana tafiya. Ko tsayawa aka yi, wai a bar ta ta ɗan huce, don turbo ɗin da baƙin mai yake sanyaya. In an kashe da zafi man yana ƙonewa a ciki."

Na san ba da bakanike yake ba. Ni ma sai na amsa wa bakanike.

"Ka gaya wa masu cewa haka, tun ba a haife su ba nake kashe mota a gangara. Mota a tsaye tana ƙona mai, wannan hankali ne?"

Bakanike ya dubi wannan ya dubi wancan, ya goge hannu da tsumma. "Ni dai baƙin mai aka ce in canja," ya ce.

Sau ɗaya ɗana ya faɗa. Bai sake ba.

Daga nan na ɗauki aniyar mayar da motar yadda kamfani ya yi ta, ɗaya bayan ɗaya, ina aunawa bayan kowane. Ban nemi izininsa ba, ban ma ga dalilin nema ba. Na fara da salansa. Tsohuwar tana jingine a bayan ɗakinsa, na ɗauka na kai aka mayar. Da yamma ya shigo, ya ga tasa a ƙofar zaure. Ya ɗauke ta ya goge ya kai ɗaki. Na je Rogo na dawo, galan biyu.

Na biyu tayoyi. Waɗannan kam sun ɗan rage sha, ba zan yi ƙarya ba, amma ragin bai kai cikin kwalba guda ba, kuma bayan mako biyu ya ɓace. Na uku matatar iska. A ranar uwarsa ta tare ni a bakin madafi.

"Malam, mutumin naka fa jiya bai ci tuwo ba."

"Ciwo yake?"

"Ka san abin da nake nufi. Shi ya saya, shi ya ba ka."

"In ya ba ni, tawa ce. In tasa ce ya zo ya karɓa."

Ta juya ta ci gaba da tuƙin tuwonta.

A lokacin motar ta fara nauyi a tudu, sai na danna totur sosai take hawa. Da safe in na tayar, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yakan fito, baƙin mai kuma yana raguwa. Duk na ɗora wa ƙwaƙwalwar da aka taɓa. Wannan ba aikin garejin Karaye ba ne, don haka na ce, ina kallon ƙofa, "A kai motar nan Kano a mayar mata da hankalinta." Washegari ya kai, ya dawo. Abu huɗu sun koma yadda suke.

Ana haka aka sa ranar kai gaisuwa gidan yarinyar a Gwangwan. Uba ba ya shiga irin wannan zama, ƙanena da limamin unguwarmu ne wakilai, ni direba ne kawai, in sauke su in jira a waje. Da safe na ɗauko galan da mazurari. Na yi lissafi cewa tunda an cire duk abin da ya ɓata ta, to ta koma ma'auninta na farko. Na zuba daidai abin da ma'aunin farko ya ce, na ƙara kwalba ɗaya. Ƙanena ya ce, "Yaya, a ƙara mana don tsaro." Na ce masa ya kula da goron da ke cinyarsa.

Mun bar kwalta mun shiga hanyar ƙauye, damina ce, tayoyi na tafiya cikin laka, motar na nishi a giya ta biyu. Muna hango rufin gidajen garin daga nesa ta shaƙe, ta sake shaƙewa, ta mutu. Gero ta ko'ina, babu mai sayar da mai ko na kwalba. Liman ya sauka da babbar rigarsa ya tsaya a kan wani dutse don kada ta ɓaci. Ƙanena ya kira mutanen gidan a waya.

Baffan yarinyar ne ya zo da kansa a kan babur, da jarka ɗaure a baya. Dattijo ne mai fara'a. Muka gaisa doguwar gaisuwa, gida da gona da ruwan bana, ni kuwa kunya ta cika ni har wuya. Direban shekara talatin, mai ya ƙare masa a hanyar gidan surukai.

"Ai ba komai, Malam," ya ce yana riƙe mini mazurari. "Mota ce, kowa tana yi masa."

Da na yi shiru da shi ke nan. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Ba ni ba ne, Alhaji. Yaran zamani ne. An samu lafiyayyar mota an lalata ta da ƙyale-ƙyale. Wanda ya kasa riƙe mota, ban san yadda zai riƙe iyali ba."

Dattijon ya ɗago ya dube ni, ya mayar da kai kan jarka. Liman ya yi gyaran murya. Ƙanena ya ce, "Yaya wasa yake." Ba wanda ya yi dariya.

An karɓi gaisuwar, ba a fasa komai ba. Amma maganar da uba ya faɗa a kan ɗansa a gaban surukai ba ta kwana a hanya. Kafin mako ya zagayo ta shiga gidan yarinyar, ta fito, ta iso shagonsa. Bai tambaye ni ba. Ya ci gaba da gaishe ni safe da yamma, sai dai ya daina zama a tsakar gida. Bayan kamar wata guda, wata safiya, ya zo ya durƙusa a ƙofar zaure ya ce kawunsa ya samo masa babban aiki a Rogo, zai koma can don kusa da aikin. Ya ajiye makullin motar na biyu a gefen tabarma. Na ce, "Allah ya taimaka." Ya ce amin. A Rogo amarya ta tare, a ɗakin haya.

Ni kuma na zauna da mota wadda babu sauran hannunsa a jikinta, tana shan galan biyu da rabi. Wannan ya kamata ya gaya mini gaskiya, amma sai na ce ɓarnar da aka yi mata ce ta riga ta shiga jiki. Wata ranar kasuwa ina dawowa da buhun masara biyu a baya, ta fara wani kuka siriri kamar jiniya, hayaƙi ya turnuƙe bayana har masu babur suna zagina. Da ƙyar na kai gareji.

Bakanike ya kwance turbo ɗin. Ya ce shi bai san cikinsa ba, zai shiga Kano da shi wurin masu aikinsa. Bayan kwana biyu ya aiko in zo. Da na iso bai ce Bakano ba, bai ce komai na wasa ba. Ya shimfiɗa buhu a kan benci ya ɗora ƙarfen a buɗe.

"Taɓa nan," ya ce.

Na taɓa 'yar farfelar ciki, tana girgiɗi kamar haƙorin tsoho. Ya nuna mini hanyar da baƙin mai ke bi, ta toshe da wani abu baƙi mai tauri kamar gawayi.

"Mai gyaran na Kano yana buɗewa ya tambaye ni, wa ke kashe ta da zafi? Ya ce wannan ba aikin rana ɗaya ba ne, a hankali ya riƙa cinyewa. Turbo ba ya hura iska, kai kuma kana ƙara danna totur, ina mai zai tsaya?"

"Salansar fa? Da ƙwaƙwalwar?"

"Na tambaya. Ya ce suna ƙara sha in direba mai gudu ne, kuma ƙarin ƙarfin yana ƙara zafi. Amma ba su suka toshe wannan ba."

Na ce, "Kana wurin ranar da ya faɗa. Me ya sa ba ka ce komai ba?"

"Ni ma a kan akori-kura na koya, kamar kai," ya ce. "Kuma ko na sani, wa yake gaya maka magana?"

Kwana huɗu na yi ina shiri. Na tsara magana uku, na jera su yadda za su zo. Ta farko, zafi ne ya ƙone shi. Ta biyu, ni ne na ƙone shi, kuma abin da na faɗa a hanyar Gwangwan ban yi daidai ba. Ta uku, ka dawo gida. Na yi ta maimaita su a gona ina cirar ciyawa. Rana ta biyar na sa turbo ɗin a buhu na hau motar haya zuwa Rogo.

Shagon da ya buɗe a can yana bakin hanya, farantan sola jingine a waje, batura jere a ciki bisa girma. Komai a tsare, har wayoyin wuta an naɗe kowace da launinta. Ban san haka yake aikinsa ba, don ban taɓa shiga shagonsa na Karaye ba. Yana ganina ya saki abin da ke hannunsa ya fito ya durƙusa har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Baba. An zo lafiya? Ya hanya? Ya mutanen gida? Ya Inna? Ya gona?"

Na amsa duka. Ya goge kujera da hularsa, ya tsallaka titi da kansa ya sayo fura da nono mai sanyi, ya zuba ya miƙo da hannu biyu. Ya koma bakin ƙofa ya tsuguna, kamar yadda ake yi wa baƙo mai girma.

Na kwance buhun na ɗora ƙarfen a kan tebur. Ya dube shi sau ɗaya. Na kalli batura na ce, "An ce zafi ne ya ƙone shi."

"Haka ne, Baba."

"An ce kashewa a gangara ne. Da kashewa ana tsayawa."

Na buɗe baki zan ƙarasa ta biyun, in ce ni ne, sai ya riga ni.

"Ƙarfe ne, Baba, dama yana da ranarsa. Tsohuwar mota ce tun daga can. Kada ka sa wa ranka komai. Zan sa a nemo wani a Kano a kawo wa Oga ya ɗaura."

Da faɗa ya yi mini, da na san abin da zan ce. Amma ya ɗauke laifin daga kaina da ladabi, ya ajiye shi inda hannuna ba zai kai ba. Na sha fura don in sami abin yi. Sai na zagaya ta gefe.

"Ɗakunan can suna nan a rufe. Gara za ta shiga."

"Na yi tunanin haka," ya ce, kansa a ƙasa. "In an yi girbi a zuba hatsi a ciki, Baba, kada su zauna haka. Kawu ya ba ni fili a bayan gidansa, har an fara buga bulo."

"An fara?"

"An fara, Baba. Ina so dama in zo in gaya maka, ka sa albarka."

Na ce Allah ya sa albarka. Ya shafa da hannu biyu.

Ya so in je gida matarsa ta gaishe ni, na ce rana ta yi, wani zuwan. Ya rufe shago ya raka ni tasha. Yana tafe a bayana da taku ɗaya, riƙe da buhun, ina jin takalminsa. Tsakanin shagon da tasha akwai nisan da zai ishi mutum ya faɗi magana ɗaya, har ya maimaita. Na rage tafiya don ya zo daidai da ni, shi ma sai ya rage.

A tasha ya sunkuya ta taga ya ce wa direba, "Mahaifina ne, a ba shi gaba, shi kaɗai." Ya buɗe mini ƙofa, ya tattara bakin rigata ya sa ciki, ya rufe a hankali. Buhun bai ba ni ba, ya ce za a buƙaci tsohon don a gwada sabon. Ya tsaya a rana har mota ta cika.

Ta farko na faɗa. Ta biyu na faɗi rabi. Ta uku tana bakina motar ta tashi, kuma daga ranar zuwa yau an yi wa gidansa na Rogo rufi, an haifa masa 'ya mace, na je suna na dawo, ban faɗa ba.